14900K ko 9800X3D: wanne ya dace da wasa a 4K?

Wani ɗan'uwa yana shirin haɗa kwamfutar wasa da zai jona wa allon 4K, kuma ya rasa wanda zai ɗauka tsakanin furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i9-14900K na Intel da Ryzen 7 9800X3D na AMD. Ya ce hankalinsa ya fi kwanciya da na Intel, tunda ƙwayoyinsa (cores, sassan da ke yin lissafi a cikinsa) 24 ne, na AMD kuwa 8 kacal.

Malam, a 4K ba furosesa ne ke shan wahalar ba. Allon yana da ɗigo 3840 a kwance, 2160 a tsaye, sama da miliyan 8 ke nan, ninki huɗu na 1080p, wato allon Full HD. Katin hoto ne zai zana su kaf, sau 60 ko fiye a kowace daƙiƙa. Shi furosesa lissafin abin da ke faruwa cikin wasan yake yi ya miƙa wa kati, kuma wannan aiki bai damu da girman allo ba. Kamar wajen mai ƙosai ne: in kasko ya cika, komai saurin mai kaɓa ƙullu sai ta jira mai suya. Shi ya sa tazarar da ake gani tsakanin furosesoshin biyu a gwajin 1080p take tsukewa sosai in an koma 4K.

Amma ba ta ɓacewa gaba ɗaya. Da yawa daga masu 4K suna kunna fasahar DLSS ko FSR, inda kati ke zana hoton a 1440p ko 1080p sannan a faɗaɗa shi. Da kati ya samu sauƙi, nauyi sai ya dawo kan furosesa. Akwai kuma wasanni irin su Microsoft Flight Simulator da dama can furosesa suke ci. A nan 9800X3D, wanda ya fito a Nuwamba 2024, yake nuna kansa. An lafta masa ma'ajiyar kusa ta L3 mai megabait 96, na 14900K kuwa 36. Bayanan da wasa ke yawan nema suna nan gab da shi, ba sai ya je babbar ma'ajiyar wucin gadi ta RAM ba, don haka ɗan tsaitsayin nan da ke ɓata rai in ka shiga gari mai cunkoso yana raguwa. Ƙwayoyi 24 ɗin da suka burge ka, 8 ne manya. Sauran 16 ƙanana ne, kuma wasanni kaɗan ne ke amfana da su.

Sai wuta da zafi. In an matsa wa 14900K yana jan har wat 253, iyakar na AMD kuwa 162, kuma a wasa ba ya ma kusantarta. In da inbata kake aiki, ko ɗakinka ba na'urar sanyi ga watan Afrilu, wannan ba ƙaramin zance ba ne. Na Intel sai ka nemo masa babbar na'urar sanyaya ta ruwa. Na AMD fanka mai kyau ta ishe shi.

Kada kuma a manta da matsalar 2024, lokacin da furosesoshin Intel na zubi na 13 da 14, har da 14900K, suka riƙa lalacewa saboda yawan ƙarfin wutar da ke shiga musu. Kamfanin ya fitar da gyara ta BIOS, manhajar da ke tayar da kwamfuta, ya ƙara shekara 2 a garanti, sai dai gyaran ba ya warkar da wanda ya riga ya taɓu. Ni dai ba zan sayi 14900K na hannu ba ko nawa aka rage. Soket ɗinsa, wato gurbin da ake saka shi, LGA1700, ma ya zo ƙarshe, alhali AMD ta yi alkawarin riƙe nata soket ɗin, AM5, har 2027 ko fiye.

Inda na Intel ya yi zarra shi ne tace bidiyo da irin aikin da ke cinye ƙwayoyi duka. Yana kuma karɓar RAM samfurin DDR4, in kana da tsohuwa. AM5 sai DDR5.

In wasa ne zalla, ɗauki 9800X3D. In kuɗin sun yi kaɗan, sauko zuwa 7800X3D na 2023, ko ma Ryzen 5 7600, ka zuba rarar a katin hoto, don can ne za ka ga bambancin da idonka. Madabod (babban faifan da ake jona komai a kai) B650 da RAM DDR5-6000 gigabait 32 sun wadatar.