Ziyara gidan William Cullen Bryant da ke Cummington

Gidan yana kan tudu a ƙauyen Cummington, a yammacin jihar Massachusetts ta Amurka, yana kallon kwarin kogin Westfield, kuma wanda ba shi da mota zai sha wuya kafin ya isa, domin wurin karkara ne sosai. Amma tafiyar ta biya ni, har da riba.

A wannan ƙauye aka haifi William Cullen Bryant, marubucin waƙoƙi kuma ɗan jarida, ranar 3 ga Nuwamba, 1794, kuma a gonar kakansa na wajen uwa ya tashi. Iyalin sun sayar da gonar a 1835, shi kuwa ya sake sayenta a 1865, bayan ya yi suna, ya faɗaɗa ginin, ya mai da shi wurin da yake zuwa hutawa duk lokacin zafi har rasuwarsa a 1878. A ɗakunan akwai kayan ɗaki na da da tsarabar da ya kwaso daga tafiye-tafiyensa na ƙasashen waje, an adana su da kulawa, ba a cika su da kwalliyar da za ta ɓata asalinsu ba.

Sai dai abin da ya fi ratsa ni yana waje. Akwai 'yar hanya da ke bin gefen wani ƙaramin rafi, ta ratsa cikin dajin da gatari bai taɓa yawancin itatuwansa ba, inda wasu suka yi tsawo har sai mutum ya ɗaga kai sosai kafin ya hango ƙarshensu. Rafin nan shi ne wanda Bryant ya yi wa waƙa. Na daɗe a tsaye ina sauraren ruwan, kuma a nan na fahimci yadda matashi ɗan ƙauye ya iya rubuta "Thanatopsis", waƙar da aka buga a 1817, wadda take kallon mutuwa a matsayin komawa cikin ƙasar da kowa zai kwanta a cikinta, sarki da talaka. Na sha karanta baitocin a takarda, amma ban ji nauyinsu ba sai da na ga tsofaffin kututture suna ruɓewa a ƙasa, sababbin tsirrai na fitowa daga jikinsu.

Mai ziyara ya sani cewa mawaƙin zai tarar a nan fiye da ɗan jaridar, don aikin jaridar a New York aka yi shi. Bryant ya bar aikin lauya ya koma can a 1825, ya zama babban editan jaridar Evening Post a 1829, ya riƙe ta kusan shekara 50. A shafukanta ya yaƙi bautar da bayi, ya nemi a keɓe wa birnin babban lambun shaƙatawa tun 1844, kuma shi ya gabatar da Abraham Lincoln, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, a taron da aka yi a zauren kwalejin Cooper Union da ke New York a Fabrairun 1860. Yana da kyau mutum ya karanta wannan tarihi kafin ya zo.

Shawarata ita ce a zo da kaka, lokacin da ganyaye ke rinewa ja da ɗorawa, a sa takalmi mai ƙwari, a bincika ranakun buɗe gidan tun daga gida, sannan a ware wa hanyar rafin aƙalla awa guda.