Asetil da metil a wutsiyar histon, ba aiki ɗaya suke yi ba

Ɗan'uwan da ya tambaya ko ƙananan sinadaran nan asetil da metil duk abu ɗaya suke yi wa furotin ɗin da ake kira histon tunda dukansu a wutsiyarsa ake liƙa su, gaskiya a'a, akwai tazara tsakaninsu.

DNA ɗin da ke cikin ƙwayar halitta ɗaya tak ya kai kusan mita 2, dole a naɗe shi, to a jikin histon yake naɗuwa kamar zare a kwarkwaro, histon 8 ne a dunƙule, H2A, H2B, H3 da H4 bibbiyu, sai tagwayen haruffan DNA 147 su zagaye su. Abin da ke riƙe su kuwa caji ne, laysin, ɗaya daga cikin tubalan da aka gina histon da su, fozitif ne, DNA kuma negetif.

Asetil nasa mai sauƙi ne, da an ɗora shi kan laysin sai ya kashe cajin, riƙon ya yi sako-sako, kromatin, wato naɗin DNA da histon, ya buɗe, injin kwafar jin (gene, guntun DNA mai ɗauke da umarni) ya samu hanyar shiga. Furotin da ake kira HAT ke ɗorawa, wani mai suna HDAC ke cirewa, shi ke nan. Tun 1964 Vincent Allfrey ya nuna alaƙarsa da kwafar jin zuwa RNA.

Metil fa shi ne ɗan rigima, don ko kaɗan baya taɓa caji, alama ce kawai da wasu furotin ke zuwa su karanta, kuma ana iya ɗora ɗaya ko biyu ko uku a kan laysin guda, ma'anar ta danganta da gurbin da ya sauka. Uku a kan H3K4, wato laysin na 4 a histon H3, za ka same su a bakin jin da ke aiki, amma uku ɗin nan a kan H3K9 sai wani furotin mai suna HP1 ya zo ya kama ya ƙulle wurin gam, na H3K27 ma rufewa ne, shi ake gani jibge a kan kromosom X ɗin da aka kashe wa aiki a jikin mata. Shi ya sa duk wanda ya ce maka "metil rufewa ne kawai" ka tambaye shi na wane laysin.

An ma daɗe ana zaton metil baya cirewa sai a 2004 da aka gano LSD1, furotin mai cire shi. Bangaren asetil kuwa har magani ya fito, vorinostat mai toshe HDAC, Amurka ta amince da shi a 2006 don wani nau'in kansar jini da ke bayyana a fata.