Gurbi huɗu kacal: sharhina a kan Pokémon Showdown

Duk wanda ya taɓa kai ƙarshen wani gem na Pokémon gani yake ya iya faɗa. Ka ware dodo ɗaya ka yi ta horar da shi har ya kere wa sauran, ka cika shi da salon hari huɗu masu ƙarfi, ka bi ta kan duk abin da kwamfuta ta turo maka. Ranar da ka haɗu da mutum ɗan'uwanka a ɗaya gefen, wannan tsarin ba ya kai ka ko'ina, kuma babu wurin da ke nuna maka haka da wuri kamar Pokémon Showdown.

Shafin intanet ne, a burauza ake buɗe shi, a kwamfuta ko a waya, kuma kyauta ne. Wani mai rubuta manhaja da aka fi sani da Zarel ne ya fara shi a 2011, daga baya Smogon, taron masu wasan gasa da aka kafa tun 2004, suka ɗauke shi a matsayin filin wasansu. Ba na Nintendo ba ne, ba na Game Freak ba ne, wato kamfanonin da ke fitar da gem ɗin Pokémon, masu sha'awa ne ke riƙe da shi. Babu labari a ciki, babu yawo cikin ciyawa neman dodo, babu ƙyanƙyasar ƙwai. Faɗan kawai aka tsamo aka ajiye maka, da lissafinsa yadda yake a ainihin gem ɗin.

Ɓangaren da na fi daɗewa a ciki shi ne wurin haɗa tawaga ta dodanni shida, kuma shi ne dalilin da ya sa nake yabon shafin. Ka rubuta sunan dodo, nan take a ba ka shi a matakin da tsarin gasar ya tanada. Kai za ka zaɓi baiwarsa, da abin da zai riƙe, da halinsa, da yadda za a raba masa makin horo, waɗanda ake kira EV. Maki 510 ne gaba ɗaya, ba a zuba fiye da 252 a fanni ɗaya, kuma a mataki na 100 kowane maki huɗu ke ƙara ɗigo ɗaya. Hali kuwa iri 25 ne, mafi yawansu suna ƙara kashi 10 cikin 100 a wani fanni su rage 10 a wani. A ainihin gem ɗin haɗa dodo ɗaya haka aiki ne na zama, ko da yake an sauƙaƙa tun da aka kawo ganyen sauya hali a gem ɗin Sword da Shield a 2019. A nan jan sanda kawai kake yi da yatsa kana ganin lambobi suna motsi. Idan tunaninka bai yi ba, ka goge ka sake, ba ka yi asarar komai ba. Wannan arahar gwaji ita ce ke koyar da mutum.

Bari in ɗauki Garchomp, don shi ne misalin da ya fi fito da abin fili. Jinsinsa biyu, Dragon da ƙasa. Idan ka ba shi halin Jolly ka cika masa makin gudu, saurinsa 333 ne. Dodannin da tushen gudunsu 100 ne, kuma suna da yawa, iyakarsu 328. Ɗigo biyar ke nan tsakani, amma a wannan wasa wanda ya fi sauri ko da ɗigo ɗaya ne shi ke fara duka. Idan kuma kwaɗayin ƙarfi ya ja ka zuwa halin Adamant, ƙarfin harinsa zai tashi daga 359 zuwa 394, saurin ya faɗo 303, waɗancan da yake tsere wa su koma gabansa. Shafin ba zai ce maka ga wanda ya fi ba. Zai nuna maka lambobin ne ya yi shiru.

Sai gurbi huɗun, wato salo huɗu kacal da kowane dodo ke iya ɗauka. Earthquake, salon ƙasa, ba ya cikin muhawara, ƙarfinsa 100, ba ya kuskure, ga ƙarin rabi da ake samu idan salo ya dace da jinsin mai yin sa. Amma ba ya taɓa masu tashi sama ko kaɗan. Salon Dragon ma dole ne, shi kuma ba ya yi wa jinsin Fairy komai tun da aka shigo da su a 2013. Saura biyu. Swords Dance yana ninka ƙarfi a zagaye ɗaya. Stealth Rock, mai shimfiɗa duwatsu a filin abokin gaba, yana yi wa tawaga duka aiki. Salon wuta shi ne maganin irin su Corviknight da Skarmory, tsuntsayen ƙarfe da ke shanye sauran hare-harensa kamar ba a yi ba. Stone Edge, salon dutse, ma yana ɗaga hannu. Abu huɗu ke neman gurbi biyu, kuma duk wanda ka bari akwai ranar da za ka neme shi. Amsar ba ta jikin Garchomp, tana wurin sauran biyar ɗin. Idan akwai wanda ke iya da Corviknight a tawagarka, salon wuta ɓarnar gurbi ne. Idan wani ya riga ya ɗauki aikin shimfiɗa duwatsu, to Garchomp ya huta da wannan. Sai ka fara tambayar wane aiki ka ɗauke shi ya yi, kafin ka tambayi wane salo ya fi ƙarfi.

Abin riƙo ma yana sauya dodo gaba ɗaya. Choice Scarf yana ƙara rabin gudu, 333 ya koma 499, amma salon da ka fara da shi a kansa za ka tsaya har sai ka fita daga fili. Ka ga Swords Dance ba shi da wuri a nan. Life Orb yana ƙara kusan kashi 30 na ɓarna, yana cin kashi 10 na jininka a kowane duka. Leftovers yana mayar maka da ɗaya bisa goma sha shida a kowane zagaye, abin da ake rainawa sai faɗa ya yi tsawo.

Akwai na'urar lissafin ɓarna da ke tare da shafin, kuma a ganina duk wanda bai buɗe ta ba rabin Showdown yake amfani da shi. Ka saka mai duka da wanda za a daka, ta gaya maka kashi nawa na jini zai tafi, da yiwuwar kisa a duka ɗaya ko biyu. Ɓarna a Pokémon ba lamba ɗaya ba ce, tana lilo tsakanin kashi 85 da 100 na cikakken ƙarfin, shi ya sa duka iri ɗaya yau ya kashe gobe ya bar ɗan jini. Da wannan na'urar ake gane cewa ba lallai a zuba 252 da 252 ba. Wani lokaci ɗan abin da ka rage daga ƙarfi ka mayar a jini shi ke sa dodonka ya tsira daga dukan da kowa ke tsammanin zai kai shi ƙasa.

Maganar sa'a kuwa, ta nan ake yawan zagin shafin a ɗakunan hira, kuma ba laifinsa ba ne. Focus Blast ƙarfinsa 120, amma kashi 70 ne yake samu. Hydro Pump 110 da kashi 80, alhali Surf 90 ne kuma ba ya kuskure. Mugun duka yana zuwa sau ɗaya cikin 24. Haka suke a gem ɗin, haka aka kwafo su. Wanda ya zaɓi Focus Blast ya sa hannu a kan cewa uku cikin goma iska zai daka. Ni dai inda lissafi ya nuna mai rauni ya isa, shi nake ɗauka.

Abin da ya fi ba sabon shiga mamaki shi ne yadda ake yawan canja dodo, da yadda salon da ba ya dukan kowa ke cin wasa. Stealth Rock, wanda ya zo da Diamond da Pearl a 2006, yana cire ɗaya bisa takwas na jinin wanda ya shigo fili a ƙa'ida, ƙasa ko sama da haka gwargwadon jinsinsa, kuma irin su Charizard da Volcarona rabin jininsu ke tafiya tun ba su yi komai ba. Saboda wannan salo ɗaya ake ware gurbi ga Rapid Spin ko Defog don sharewa, ake sa wa wasu Heavy-Duty Boots, takalman da ke kare su daga duwatsun. Sai ga Gholdengo, dodo na 1000 a jerin, wanda jinsinsa na fatalwa ke tare Rapid Spin, baiwarsa kuma ke tare Defog. Dodo ɗaya ya sa mutane suka sake tunanin yadda ake haɗa tawaga.

Scarlet da Violet na 2022 sun ƙaro Tera, damar sauya jinsin dodo ɗaya sau ɗaya a faɗa, kuma shafin ya kawo shi daidai. Ka kalli ƙarshen wasa da Kingambit. Baiwarsa tana ƙara masa kashi 10 a kan kowane ɗan tawagarsa da ya faɗi, don haka ake ajiye shi ƙarshe. Ba shi da gudu, amma Sucker Punch yana riga kowa, da sharaɗin abokin gaba hari ya zaɓa. Kai kuma kana da Great Tusk, wanda a takarda ya gama da shi, don salon dambe ninki huɗu yake yi masa. Ka danna, sai Kingambit ya rikiɗe ya koma mai tashi sama, dambe ya zama rabi, salon ƙasa ya daina taɓa shi, shi kuma ya yi Swords Dance. Daga nan kowane zagaye karatun zuciya ne: zai yi Sucker Punch ne, ko zai ƙara wasa takobi da Swords Dance yana jiran ka ji tsoro? Wasu na ƙin Tera saboda irin wannan. Ni ina ganin ya ƙara wa wurin haɗa tawaga daɗi, ko da ya ƙara wa fili hawan jini.

Inda shafin ya gaza, a ra'ayina, shi ne karɓar baƙo. Ba ya riƙe hannun kowa. Jerin tsare-tsaren gasa dogo ne, OU, UU, RU, NU, PU, Ubers, ga na tsofaffin zamani, kuma babu mai ce maka matakan nan bisa yawan amfani da dodo aka raba su, Ubers kuma wurin waɗanda aka kora ne don sun fi ƙarfin sauran. Kusan komai da Turanci yake. Zanen ba abin nuna wa aboki ba ne, a waya kuma wurin haɗa tawaga yana matsewa. Hirar cikin faɗa wani lokaci ba ta da daɗin karantawa, gara da aka sa maɓallin toshe ta.

Akwai kuma tarkon sauƙi. Ana kwafo tawaga sukutum a matsayin rubutu a liƙa, jerin salon da Smogon ta tsara ma suna kusa. Suna da kyau, da su ya kamata a fara, amma wanda ya kwafa bai san dalilin kowane gurbi ba zai tsaya cak a tsakiyar tsani, wato jerin 'yan wasa bisa maki, don kowa ya san abin da ke hannunsa. Sejun Park na Koriya ta Kudu ya ci gasar duniya ta 2014 da Pachirisu, ɗan kurege da ba a lissafa shi, saboda ya nemo masa aiki takamaimai: janyo hari kansa da Follow Me don abokin faɗansa ya samu sarari.

Ga sabon shiga, Random Battle ne ƙofa. Ana ba ka tawaga haɗaɗɗiya, ka koyi jinsi 18 da canji ba tare da ciwon kan gini ba. Tsanin yana farawa daga maki 1000, kuma ana iya ajiye kowane faɗa a sake kallo zagaye bayan zagaye, wanda ya fi kowane bayani amfani. Mai niyyar gasar hukuma ta VGC ya tuna cewa can biyu da biyu ake yi, a mataki na 50, ka zo da shida ka zaɓi huɗu, Protect, salon kare kai daga hari, kuma kusan dole ne. Showdown yana da wannan tsarin don atisaye, amma ranar gasa sai ka reni dodannin nan a ainihin gem ɗin da hannunka.