Kafin ka sayi inbatar injin CNC, leƙa bakin wayoyinta

Masu sassaƙa ƙofofi da gadaje a Gombe sun fara shigo da injin CNC, mai sassaƙa da umarnin kwamfuta, kuma kullum tambayarsu wace inbata za a sa wa sifindul, wato motar lantarkin da ke juya bakin yanka. Ba ta sola ba fa, VFD mai sarrafa gudun motar lantarki. Ni kuwa abin da nake fara tambaya shi ne ta wace hanya kwantarola, wato ƙwaƙwalwar injin, za ta ba ta umarni.

Zaɓina siginar wuta ta 0 zuwa 10V ce, inda ƙarfin wutar ke nuna gudun da ake so. Ɗauki sifindul 2.2kW mai sanyaya da ruwa, wanda ke juyi 24,000 a minti a kan 400Hz: 10V cikakken gudu ke nan, 5V kuma 12,000. A inbatar Huanyang HY, waya biyu za su shiga bakin VI da ACM, sai rile (makunnin da kwantarola ke sarrafawa) ya haɗa FOR da DCM don kunnawa. Lambobin saiti PD001 da PD002 ka mai da su 1, sannan ka matsar da ɗan jampa daga VR zuwa VI, nan ne mutane ke kwana suna zargin waya. Daɗin abin, ranar da ta ƙi, kowane mai gyaran wuta a Jekadafari zai ɗora mita ya gaya maka laifin kwantarola ne ko na inbata. Kwantarola DDCS tana ba da 0 zuwa 10V da kanta. Allon Arduino mai manhajar GRBL kuwa siginar bugu-bugu (PWM) ta 5V yake fitarwa, sai ka ƙara ƙaramin allon da zai juya ta zuwa 0 zuwa 10V.

Hanyar RS485, wadda ake aika umarni a matsayin saƙon dijital, ta masu haƙuri ce, ga shi yaren HY ma ba cikakken Modbus ba ne, wato yaren da na'urori suka saba amfani da shi. Matakan gudu irin na kwantarola RichAuto kuma sai abin da aka riga aka saita.

Jabu ne babbar magana. Bara wani ɗan kasuwa ya turo min wata inbata daga Legas, kwali da fenti babu bambanci, sitika ta ce 2.2kW. Bakin yanka na taɓa icen maɗaci sai ta yanke. Da muka buɗe, kayan cikin na ƙaramar inbata ne, gurbin cif ɗin RS485 ma fayau. Tun daga nan ba na biyan kuɗi sai an turo min hoton allon ciki da littafinta. Idan lambobin saitin littafin ba su dace da waɗanda inbatar ke nunawa ba, ka mayar. Mai ce maka ta famfon burtsatse ma za ta yi, tambaye shi ko tana kai 400Hz.

Ko ta asali ka samu, kar ka kunna sifindul da saitin 50Hz, ƙonewa zai yi. Fara da PD005, sai PD004, duka 400. Wayar siginar ta zama mai rigar kariya, nesa da ta U, V, W masu kai wuta ga sifindul, kuma kar ka kuskura ka sa makunni tsakanin inbata da sifindul.