Hattara da masu tallar abincin mage "mai tsayar da amai"

Masu kiwon mage, musamman ku da kuka sayi masu dogon gashin nan da tsada, akwai wata damfara da ake yi a kanku, kuma ranar da magenku ta fara amai bayan cin abinci ita ce ranar kasuwar masu yin ta. Shafi ake buɗewa a Facebook ko TikTok ko Instagram, a cika shi da hotunan maguna masu ƙiba da sheƙin gashi, a ce an shigo da wani abinci na musamman daga Turkiyya ko Dubai wanda ke tsayar da amai cikin kwana uku, ko wane iri ne. Sunan shafi yana canzawa, lambar waya ma haka, amma salon bai taɓa canzawa ba. Shi ya sa salon zan bayyana muku.

Mutum zai rubuta a zauren masu kiwon mage cewa tasa tana amai, yana neman shawara. Kafin a jima saƙo ya shigo masa ta bayan fage, da sallama da addu'a da "Allah Ya ba ta lafiya, Hajiya". Ba a tambayar shekarun magen, ba a tambayar yaushe aman ya fara, ko me ake ba ta, ko an taɓa ba ta maganin tsutsa. Kai tsaye sai hoton buhun wani sanannen kamfani, sai hotunan hira da wasu da ake cewa kwastomomi ne suna ta godiya. Daga nan sai a ce buhun ya yi tsada, don haka saboda tausayin mutane ake buɗe shi ana aunawa a leda. Kuɗi sai an tura gaba ɗaya, har da na mota, kuma sunan da ke kan asusun ba ya kama da sunan shafin ko kaɗan. In ka yi magana a ce na yaron shago ne.

Wasu daga nan ake toshe lambarsu, ba kaya ba kuɗi. Waɗannan a ganina su ne suka tsira da sauƙi, domin kuɗi kawai suka rasa. Waɗanda ake aiko wa kayan su ne cikin matsala.

Ƙanwata na cikinsu. Magenta 'yar wata bakwai ce, irin ta Farisa mai shafaffiyar fuska, takan ci abinci ta dawo da shi. Ta tura naira 15,000, aka sako mata leda a mota, ta aika aka karɓo a tasha. Ni na buɗe ledar da hannuna. Farar leda ce an ƙona bakinta da wuta an liƙe, ba suna, ba kwanan wata, sai wata 'yar takarda da aka buga a shagon kwamfuta. Da na zazzage a faranti sai ga ƙwayoyi iri uku a gauraye: wasu ƙanana masu siffar kifi, wasu zagayayyu, wasu kuma manya kamar cincin. A ƙasan ledar gari ya taru, da 'yan ƙwarin nan na hatsi suna motsi a ciki, ga warin man da ya daɗe ya lalace. Abincin da ya fito daga buhu ɗaya na kamfani ba ya zuwa a haka. Wannan sharar buhuna ce aka tattara, kuma manyan ƙwayoyin nan girman abincin kare ne, wanda ya fi na mage araha. Algus ne tsagwaronsa, irin wanda Manzon Allah (SAW) ya tsawatar a kai lokacin da ya sa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya tarar da jiƙaƙƙe a ɓoye a ƙasa.

Amma dabarar da ta fi ba ni haushi tana jikin 'yar takardar nan. An rubuta a ba mage cokali biyu kacal, sau biyar a rana, kada a cika mata kwano. Wannan shawara ce ta gaskiya, kuma ita kaɗai tana tsayar da aman maguna da yawa, ko da wane abinci aka bi ta. Mage mai haɗama takan haɗiye abinci ba tauna, cikinta ya cika lokaci guda, bayan 'yan mintoci ya dawo yadda ya shiga, a dunƙule a miƙe, ba yunƙuri ba wahala, har wata ta juya ta sake cinye shi. In aka rage mata yawan abin da take ci a zama ɗaya sai ta daina. Mai ita ya ɗauka abincin ledar ne ya yi aiki, ya tura saƙon godiya, ɗan damfara ya ɗauki hoton saƙon ya kafa wa na gaba tarko da shi. Wato shawarar da kowane likitan dabbobi zai ba ka kyauta ita aka sayar maka, aka haɗa maka da ruɓaɓɓen abinci a matsayin gyara.

Wanda kuma magensa ba haɗama ce matsalarta ba, aman ƙaruwa yake yi. Haka ta faru da ta ƙanwata, har gudawa ta biyo baya. Da ta koma wa mutumin sai ya ce ta kwantar da hankalinta, dattin ciki ne ke fita, alamar abincin ya karɓe ta ke nan. Sai ya kawo maganar wata farar hoda da za a riƙa barbaɗawa a kai, ita ma da kuɗinta, sannan akwai "likitansu" da zai duba magen ta bidiyo in an biya kuɗin ganinsa. A nan ta kira ni ta ce, "Yaya, anya kuwa mutumin nan?" Na ce ta ɗauko magen mu tafi asibitin dabbobi.

Ku ji tsoron hodar nan fiye da abincin. Hantar mage ba ta iya sarrafa wasu magungunan da mu muke sha hankali kwance. Farasitamol ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe babbar mage: dasashinta ya koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagara. Duk garin da ba suna ba rubutu, kada ya shiga bakin magenka ko da wanda ya ba ka ya rantse da abin da zai kashe shi.

A asibiti likita ya fara da tambayoyin da ɗan damfara bai yi ko ɗaya ba. Ya ɗaga fatar wuyanta ya saki, ta yi jinkirin komawa, alamar ruwan jikinta ya ragu. Ya duba ƙarƙashin harshenta, ya matsa cikinta, ya sa aka duba kashinta. Tsutsar ciki ce, ga kuma gashin da take haɗiya wajen lasar jiki. Ya yi mata ƙarin ruwa, ya ba da maganin tsutsa gwargwadon nauyinta, ya ce a riƙa taje ta kullum. Abin da aka kashe bai kai kuɗin ledar ba.

Wannan shi ne dalilin da ya sa maganar "abinci ɗaya mai tsayar da kowane amai" ƙarya ce tun daga tushe. Amai alama ce, cututtukan da ke kawo shi kuma ba su da alaƙa da juna. Akwai tsutsa, akwai gashi, akwai canjin abinci kwatsam. Akwai magen da jikinta ba ya karɓar wani nau'in nama, kuma naman sa da kifi da kaza su ne aka fi samu da wannan. Tsohuwar mage mai yawan shan ruwa da yawan fitsari tana ramewa tana amai, ƙoda ake fara zargi. Akwai wadda ta haɗiye zare ko igiyar buhu, wanda in ka hango bakinsa a harshe ko a dubura kada ka ja, hanji yake yankawa. Akwai wadda ta ci ɓeran da ya ci guba. 'Yan jariran maguna da ba a yi wa rigakafi ba kuwa akwai wata cutar ƙwayar bairos mai kama hanji da ke kashe su cikin kwanaki kaɗan. Wace leda ce za ta magance duk waɗannan?

Shi kansa abincin kare da ake cusa muku, illarsa a hankali take zuwa. Mage dabba ce da aka halitta a kan cin nama, kuma tana buƙatar wani sinadari mai suna taurine wanda jikinta ba ya samar da isasshensa, alhali kare yana samar wa kansa. A shekarar 1987 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis a Amurka suka tabbatar cewa ƙarancinsa a abinci ne ke sa zuciyar mage ta buɗe ta raunana, daga nan kamfanoni suka ƙara yawansa a abincin maguna. Rashinsa yana kuma lalata ido har ya kai ga makanta. Ba ranar da ka ba ta za ka gani ba, sai bayan watanni, lokacin da shafin da ya sayar maka ya daɗe da ɓacewa. Ga kuma batun funfuna. Yawancin busasshen abincin nan akwai masara ko wani hatsi a ciki, kuma duk wanda ya san ajiyar masara da gyaɗa a ƙasar nan ya san abin da zafi da damshi ke yi musu: gubar funfuna da ke cin hanta. Ko a ƙasashen da ake sa ido sosai ana samun matsala. A 2007 an janye ɗimbin abincin maguna da karnuka daga kasuwannin Amurka bayan an gano melamin, wani sinadari da ake yin robobi da shi, a cikin wani garin alkama da aka shigo da shi daga Sin, dabbobi da dama suka mutu da ciwon ƙoda. Abin da ya sa aka iya gano bakin zaren shi ne kowane buhu da gwangwani yana ɗauke da suna da lambar rukunin da aka yi shi. Ledar da aka liƙe da wutar kyandir fa, wa za ka bi?

Abincin masu laluran ciki na gaskiya akwai shi, kamfanoni irin su Royal Canin da Hill's da Purina suna yi, kuma ba ruwansu da masu ɗaukar hoton buhunansu suna yaudara. Sai dai iri-iri ne, kowanne da cutar da aka yi shi dominta, likita ne ke zaɓa bayan ya duba magen. In za ka saya, ka sayi rufaffen buhu ko gwangwani da ba a taɓa buɗewa ba, ko da ƙarami ne. Ka duba an rubuta cewa cikakken abinci ne na mage, ka nemi taurine a jerin abubuwan da ke ciki, ka duba lambar NAFDAC. Kwanan watan ƙarewar wa'adi ya zama bugawa aka yi a jikin buhun, in ka ga 'yar takarda an manna a wurin, ka ɓare ta ka ga abin da ke ƙasa. Kuma ko abincin ya fi kowanne kyau, kada ka canza mata rana ɗaya. Ka fara da kashi ɗaya na sabon cikin huɗu, kana ƙarawa a hankali har kwana 7 zuwa 10.

Kafin ma a kai ga sayen komai, akwai abin da za a gwada a gida in magen tana da kuzarinta, tana wasa, tana shan ruwa. A baza mata abincin a faffaɗan tire maimakon a tara a kwano, ko a rarraba shi cikin ramukan kiret ɗin ƙwai, dole ta ci ɗaya-ɗaya. In maguna biyu ne a raba musu wurin ci, domin gasa ce ke sa haɗama. A daina ba ta madara, yawancin manyan maguna cikinsu ba ya narkar da ita. A daina zuba mata ragowar tuwo da miya ko shinkafa da romo, saboda albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jininta, dafaffu ne ko ɗanyu. Tsokar kaza da aka dafa da ruwa zalla, ba gishiri ba magi ba ƙashi ba fata, tana kwantar da ciki na kwana biyu ko uku, amma ba abincin dindindin ba ce.

Akwai kuma lokacin da ba a zaman gwaji. Mage ta yi amai sau da yawa a yini ɗaya, ko da jini a ciki, ko ta kwanta ta ƙi tashi, ko ta yini ta kwana ba ta ci komai ba, asibiti za a nufa. Kada a ce a bar ta da yunwa cikin ya huta: mage, musamman mai ƙiba, in ta yi 'yan kwanaki ba ci, kitse yakan taru a hantarta ya zama wata cutar da ta fi ta farko. Muzurun da ke amai yana tsugunno fitsari ba ya fita kuwa, wannan ko tsakar dare ne a nemi likita. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan biranen jihohi, akwai na koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri. Duk wanda ya kira kansa likitan dabbobi a intanet, ka tambaye shi lambar rajistarsa da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya da adireshin asibitin da yake aiki. Na gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya ɗauki hoton hirar gaba ɗaya da shaidar turawar kafin a goge saƙonnin daga can ɓangaren, ya kai ƙorafi bankinsa a ranar, domin in aka yi jinkiri an kwashe kuɗin zuwa wani asusun. Ya kai rahoton shafin a manhajar da ya gan shi, ya kuma sanar da masu kula da zauren da aka farauto shi a ciki. Wanda kayan suka iso hannunsa, kada ya zubar a bola inda magunan unguwa za su ci, kada kuma ya ba kare. Ya ɗaure ledar da hodar da 'yar takardar, ya nuna wa likita, sannan ya kai ofishin NAFDAC na jiharsu.