Sitata mai man waken soya da na gwada wa 'yan tsakina

Salamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Akwai wani mai niƙa a wajen Mando da yake haɗa sitata, wato abincin farko na 'yan tsaki, yana zuba man waken soya a ciki, shi na koma saye wa burolana tun lokacin hunturu, to ga yadda na same shi.

Abin da ya fara burge ni abincin baya tashin ƙura. Man ya kama garin masarar da su firimis ɗin, wato garin bitamin da ma'adinai, ba kamar wanda za ka ga tsaki sun tsince manyan ƙwayoyi sun bar gari a gindin fida (mazubin abinci) ba, alhali a cikin garin nan ne bitamin yake. Suna cinyewa tas.

Amma ni abin da ya kai ni garkuwar jiki ce. Ɗan tsako idan ya fito yana ɗauke da ragowar gwaiduwa a cikinsa, daga ita yake samun mai da kariyar da uwa ta ba shi, cikin 'yan kwanaki ta ƙare, daga nan sai abin da ka zuba masa. Kuma bitamin A da D da E da K duk sai da mai jiki yake iya shan su, A da E ɗin nan kuwa suna cikin masu riƙe garkuwa. Sannan akwai sinadarin linoleyik da kaza ba ta iya haɗawa da kanta, tana buƙatar kamar kashi 1 cikin 100 na abinci, man waken soya kuma cike yake da shi. Wani likitan dabbobi ya ƙara min da cewa a satin farko da na biyu ruwan matsarmamar tsako kaɗan ne, shi ya sa mai daskarewa irin kitsen shanu ko man ja yake masa wuyar narkewa, mai ruwa-ruwa ya fi shigarsa. Wannan magana ta zauna min sosai wallahi, don mu nan da an ce kaza ta yi laushi sai a ɗauko man ja a ɗura mata.

Nawa tsakin dai alhamdulillah, na yi musu rigakafin cutar Gumboro da Lasota (rigakafin cutar Newcastle) a kan lokaci, ba su yi wannan zugum ɗin mai tsawo bayan rigakafi ba, gashi ya fito da kyau, mutuwa ta ragu. Ba zan ce man kaɗai ya yi ba, don na kula da ɗumi da ruwa. Kuma don Allah kar wani ya ce tunda ya sa mai ya bar rigakafi, Gumboro wata 'yar jaka take kamawa a saman dubura inda ƙwayoyin garkuwa suke nuna, babu man da zai tare ta.

Inda raina ya ɓaci shi ne da zafin Afrilu ya shigo. Na karɓo buhu, ina buɗewa wani wari ya buge ni irin na tsohon man suya, babu ranar haɗi a jiki, na tambayi yaron shagon ya ce "Alhaji ai lafiya lau yake." Ba lafiya ba! Mai idan ya lalace bitamin E ɗin yake cinyewa, ya ɓata hanji, kenan kuɗinka ka sa ka raunana tsakinka. Na mayar, maigidan ya canza min ba musu, wannan kam na yaba masa, amma ya kamata ya riƙa rubuta rana.

Yana kuma tallan wani abincin mai man kifi, ya fi tsada, omega 3 ɗinsa (wani nau'in mai) yana rage kumburi a jiki amma idan ya yi yawa nama ƙarni yake yi, masu gasa kaji a Kawo ba za su sake dawo maka ba. Na tsaya a na waken soya. Ku sayi wanda zai ƙare cikin sati biyu, ku ɗora buhun kan katako a inuwa, kuma ku shinshina kafin ku biya.