Gargaɗi: Mai tallar ingiricin ɓeran masar kilo 20 a intanet macuci ne

Jama'a masu kiwon ɓeran masar, ku yi hattara. Akwai wani mutum da ke bin zaurukan masu kiwo a Facebook da WhatsApp yana tallar ingirici, wai timoti ce, wata irin ciyawa da ake ba ɓeran masar, yankan farko, buhu kilo 20, a daidai lokacin da kowa ke neman busasshiyar ciyawa ido rufe. Wallahi macuci ne. Kuɗin kilo 20 na tura masa cif, har da na kawowa, abin da ya iso kuwa ko shimfiɗar keji ba zan yi da shi ba. Kilo 20 fa!

Bidiyon da ya turo mini ne ya tsaya mini a rai. Ya kwance dami a gaban kyamara, ya zura hannu har gwiwa, ya zaro ciyawa daga tsakiya, koriya shar, dogayen kara, ga kawunan nan masu tsawo irin na timoti. Ya karya ta, ana jin ƙas. Na tambaye shi yankan farko ne ko na biyu, ya amsa daidai: na farko ya fi kara da ƙarfi, ya fi cin haƙori, na biyu ya fi ganye da laushi. Na tambaye shi ko an gauraya da alfalfa, wani ganyen dabbobi dangin wake, ya ce a'a, ai ya san alfalfa kalsiyam ya yi mata yawa, tana jawo wa manya tsakuwar mafitsara, sai dai 'ya'ya 'yan ƙasa da wata 6 da masu ciki da masu shayarwa. To ku gaya mini, wa zai ji wannan amsa ya kawo zargi a ransa? Kada wani ya zo yana ce mini gaggawa na yi. Duk tambayar da mai kiwo zai yi na yi ta. Mutumin ya haddace maganar ne domin ya cuci waɗanda suka san abin.

Da aka buɗe buhun, saman kamar taƙi ɗaya ciyawa ce mai kyau. Ƙasanta karan alkama ne zalla, rawaya, mai sheƙi, cikinsa rami. Tsakiyar kuma ɗumi take yi, damshi har ya taɓa hannu, ga warin ruma, ga farar funfuna ta kama gaɓoɓin karan. Ruwa ya yayyafa domin buhun ya yi nauyi. Ingirici na gaskiya damshinsa bai kamata ya wuce kashi 15 cikin 100 ba, idan ya haura 20 sai ya fara zafi ya yi funfuna a cikin buhu. Da aka shanya aka sake ɗorawa a sikeli, kilo 20 ya koma 13. A cikin 13 ɗin ma ciyawar ba ta kai kilo 2 ba, ita ma sai bola, tunda ta kwana da funfuna. Kilo 20 na biya.

Wanda bai san dabbar nan ba zai ce ai ciyawa ce kawai. Ɓeran masar haƙoransa 20 ne, kuma dukkansu girma suke yi har ya mutu. Doguwar ciyawa da yake niƙawa dare da rana ita ce ke goge su. Idan ta yanke, matauna na ƙasa sai su yi tsawo su lanƙwaso kan harshe su danne shi, ka ga dabba tana dalalar miyau, tana ɗaukar abinci tana yarwa, tana ramewa. Hanjinsa ma haka, dole abinci ya yi ta wucewa ba tsayawa. Shi ya sa ciyawa take kusan kashi 80 cikin 100 na abincinsa, kullum tuli kamar girman jikinsa ko fiye. Karan alkama ba ya ƙosarwa, ba su cika cinsa ba, tsininsa kuma yana tsokane ido. Funfuna kuwa huhu take kamawa ta lalata ciki, ga shi dabbar nan ba ta iya amai, abin da ta haɗiye ya shiga ke nan. Wannan duk ya sani, da bakinsa ya faɗa mini rabin abin a hira.

Sai maganar dunƙulallen abinci, wato felet.  Tun kafin na biya ya fara ambatonta, ranar da ya turo bidiyon, bayan na yi masa ƙorafi ne ya matsa. Wai yana da felet na musamman da ke maye gurbin ingirici gaba ɗaya, da ɗigon bitamin C na zubawa a ruwa. Ƙarya ce tsagwaronta. Babu felet ɗin da ke maye gurbin ciyawa, domin garin da aka dunƙula narkewa yake yi a baki, ba ya goge matauna. Babban ɓera cokalin cin abinci 1 zuwa 2 ya ishe shi a rana. Nasa ma a farar leda yake, ba sunan kamfani, ba ranar da aka yi shi, cike da tsaba da wasu abubuwa masu launi. Bitamin C da ke cikin felet yana lalacewa cikin kamar kwana 90 daga ranar haɗa shi, to idan babu kwanan wata me kake saya? Na cikin ruwa kuma haske yana kashe shi cikin sauri, yana sauya ɗanɗanon ruwan har su rage sha. Jikinsu ba ya ƙera bitamin C, suna buƙatar miligiram 10 zuwa 30 a rana, kuma 'yan yankan jan tattasai mai zaƙi marar yaji suna biyan wannan buƙata ba tare da ɗigon kowa ba.

Abin takaicin, rashin ingiricin timoti bai kai a faɗa hannun irin wannan mutum ba, shi ne yake tsorata mutane da cewa in ba timoti ba dabbobinsu za su mutu. Kowane ingiricin ciyawa mai tsabta yana yi, har wanda ake ba dawakai, in dai ciyawa ce ba dangin wake ba, ba ƙura, ba funfuna, kuma ba wadda aka tsima a leda ba. Ɗanyar ciyawa ma tana goge haƙori sosai, amma a fara da 'yar kaɗan a riƙa ƙarawa cikin mako 1 zuwa 2, don idan aka tula musu lokaci guda zawo da kumburin ciki ke biyo baya. A yanke ta da hannu ko almakashi, nesa da bakin titi da inda aka yi feshin magani da inda karnuka ke fitsari. Wadda injin aske fili ya tattauna kada a ba su ko kaɗan, tsami take yi nan da nan ta kumbura ciki. Mai fili ya yi nasa ingiricin: a yanka kafin tsaba ta nuna, a baza siriri a rana kan raga ko katako, a riƙa juyawa sau 2 a wuni, a kwashe kafin raɓa, kwana 3 zuwa 4. A murɗa dunƙule a hannu, in ya karye ya bushe, in ya lanƙwashe da sanyi da saura. A ajiye a kwali ko buhun yadi, ban da leda. Ɓawon masara ɗanye da gashinta suna rage giɓin ciyawa. Ganye kofi 1 a rana ga kowane ɓera, kada a ninka shi don cike gurbin ciyawa. Ban da ganyen dankali da na tumatir, ban da albasa da tafarnuwa.

Da na tura masa hoton funfunar sai ya ce a hanya ruwa ya taɓa. A hanya ne kuma timoti ta rikiɗe ta koma karan alkama? Daga nan ya toshe lambata, ya sauya sunan shafin, yana nan yana tallar buhun kilo 20 da bidiyon nan dai guda, hannun nan, karyawar nan. Allah ya isa tsakanina da shi. Hotunan hirarmu, rasidin kuɗin, hoton sikeli a kan 13, duk suna hannuna, zan ɗora su a ƙasa da zarar na rufe lambobin asusu.

Kada ku biya kafin ku gani. A zazzage buhu har ƙasa, a taɓa tsakiya, a shinshina. Wanda ya riga ya ba dabbobinsa wannan kaya ya kwashe yanzu, ya auna su kullum a sikelin girki. Ragin giram 50, ko ƙananan kashi, ko awa 12 ba ci, a garzaya wurin likitan dabbobi, kuma kada a ba su fenisilin ko amoksisilin, kashe su yake yi.